Sabuwa Dal a Babban Ɗaki

Wane suna za a ba cutar da aka yi wa mutum cikin ladabi? Ba a zage shi ba, ba a doke shi ba, ba a ƙwace masa komai an sayar ba. Abin nasa ma an ɗora shi a wuri mafi daraja a gidan, kullum ana share masa ƙura. In ka ce zalunci ne, sai a nuna maka wanda ya yi, ka ga mutum ne da ko kazar maƙwabci bai taɓa jifa ba. In ka ce ba zalunci ba ne, to me ya ramar da Ruxanda a kakar bana? Mutanen ƙauyen Rachita sun yi gardamar a ƙofar shago, sun yi ta a bakin rijiya, har yau ba su samo sunan ba.

Ranar Litinin ce Ruxanda ta sauko daga ƙaramar bas ɗin makaranta rungume da kwali. Shekarunta goma sha shida. Sakandaren da take zuwa a garin gaba ta zaɓi ɗalibai goma sha biyu, ta ba kowa aron kwamfutar hannu don su koyi rubuta manhaja. Malamai ne daga Chisinau, babban birnin ƙasar, za su riƙa koyarwa ta intanet, Talata da Alhamis, ƙarfe biyar na yamma, kowa yana gidansu. Sharaɗin guda ɗaya ne. Bayan mako goma kowane ɗalibi zai miƙa 'yar ƙaramar manhajar da ya rubuta da kansa, mai aiki. Wanda ya miƙa ya ci gaba har shekara biyu. Wanda bai miƙa ba, a karɓi kwamfutar a ba wanda ke bayansa a layi.

Mahaifinta, Pantelei Vrabie, ya sa tabarau ya karanta takardar da aka haɗo da kwalin sau biyu, yana bin layi da yatsa. Ya tsaya a inda aka ce uba ya yi alkawarin kula da kayan da kyau. Ya sa hannu, ya tashi ya canza riga, sannan ya ɗauki kwalin kamar mai ɗaukar jariri ya nufi ƙofar da ba a cika buɗewa ba.

"Baba, ina za ka kai ta?"

"Inda ya dace da ita."

"Gobe Talata ce fa. Akwai darasi."

"Ruxa, sunan wa ke jikin takardar nan? Naki ko nawa?"

Gidansu kamar kowane gida ne a Rachita. Su uku, ita da babanta da kakarta Agafia, suna cunkushe a ɗakin girki da ɗan ɗakin da ke jingine da murhu, nan ci, nan kwana, nan shanya. Babban ɗaki kuwa, wanda ya kai rabin gidan, yana can a rufe, da dardumai a bango, da matasan kai jere har rufi, da hotunan waliyyai da na mamata, da busasshiyar ɗoɗɗoya, da kofunan da ba a taɓa shan ko ruwa da su ba. Ba a hura wuta a cikinsa. Aure ke buɗe shi, ko mutuwa, ko bikin cocin gari. A tsakiyar teburinsa Pantelei ya ajiye kwamfutar, ya ja da baya ya dube ta, ya ɗan gyara mata zama.

Kafin kwana uku kaka Agafia ta saƙa mata farin mayafi mai huda-huda.

"Na ji a rediyo ƙwayar cuta na kama su," in ji ta.

"Kaka, ba irin wannan cutar ba ce."

"Duk cuta ta iska take shiga, 'yar nan. Kakanki da lafiyarsa ya hau mota, wani marar hankali ya buɗe taga."

"Bayan shekara takwas da buɗe tagar ya rasu, Kaka."

"Ai a hankali take ci."

Pantelei bai taɓa cewa a'a ba. Abin da ya fi damun Ruxanda ke nan, don da ya ce a'a da ta san inda za ta sa kuka. Makon farko ya ce ɗakin girki akwai tururi da ƙuda, a bari ya haɗa mata ɗan tebur na musamman. Ya auna bango da igiya, ya ce katakon kirki ya yi wuya. Mako na biyu aka shiga tsinkar inabi, ya ce hannun kowa danƙo yake yi. Mako na uku bishiyoyin nuka, wata irin gyaɗar bishiya mai kauri biyu na ɓawo, suka fara zubar da 'ya'ya, ya zaunar da ita a tsakar gida da guduma tana ɓare su kullum ta dawo makaranta. Ɓawon nuka kuwa yana rina hannu baƙi ƙirin kamar an ƙunsa lallen da ya wuce kima, sabulu ba ya fitar da shi sai ya ga dama.

Yammacin wata Alhamis ta ce, "Baba, saura minti goma a fara."

"Nuna hannunki."

Ta nuna.

"To ke da kanki ki faɗa. Da wannan za ki taɓa kayan gwamnati?"

"Wa ya sa ni ɓarewar?"

"Ni na halicci nuka da baƙi? Ki bari ya fita. Ina kwamfutar za ta je? Tana nan, lafiyarta lau, na duba ta da safe."

Sai ta ɗauki tsohuwar wayar da mahaifiyarta ta bar mata, mai tsagaggen gilashi, ta hau dakalin ɗumi na bayan murhu ta kalli darasin. Malamin yana rubutu, haruffan sun yi ƙanana kamar ƙwan tururuwa. Ya ce kowa ya gwada a kwamfutarsa ya ga abin da zai fito. Ruxanda ta buɗe littafin lissafi mai gida-gida ta rubuta da biro, ta zuba wa takardar ido. Takarda ba ta fitar da komai.

Mahaifiyarta Lidia tana Italiya tana jinyar wani tsoho, ranar Lahadi take kira. Ruxanda ta fita bayan rumbun masara da wayar.

"Mama, don Allah ki yi masa magana."

"Ruxa, babanki ya fi ni ya fi ki sanin adana kaya. Injin wankin da na aiko shekara uku ke nan, ya nuna mini a waya, ko ƙwarzane babu."

"Don ba a taɓa kunna shi ba, Mama. Yana babban ɗaki, an ɗora masa fure. Ni ke wanki a baho."

"To ba ga shi yana nan ba? Na gidan maƙwabcinmu Nichifor sau biyu ana gyara shi. Ki yi haƙuri, tsohon nan na kira na. Kina cin abinci kuwa?"

Abin da Ruxanda ta zaɓa ta rubuta ba a littafi ta samo shi ba. A Rachita ba a ɗaukar makiyayi. Garke ɗaya ne na gari duka, gida-gida ake karɓar kiwo, kowane gida yini guda, ya zagayo bayan mako uku. Amma ba a taɓa zagaye ɗaya ba rigima. Wannan ya yi musaya da wancan ya manta, wancan ya sayar da saniyarsa bai faɗa ba, ranar wani ta faɗo kan jana'iza. Sau biyu a bara shanu suka tsaya a bakin gada har rana ta ɗaga ba mai kora su. Ita so take mutum ya duba wayarsa ya ga ranar wa ce gobe, in an yi musaya manhajar ta gyara layin da kanta. Ta san aikin ciki da waje, don ranar gidansu ita ke fita da sanda, a makaranta a rubuta mata fashi.

A mako na huɗu Malama Olesea, mai kula da shirin a makarantarsu, ta tsayar da ita a baranda. Mace ce gajeriya mai saurin magana, kullum da makullai a hannu.

"Ruxanda, a wurina ina ganin kowace kwamfuta in ta hau intanet. Goma sha ɗaya suna gaishe ni kullum. Taki fushi take yi da ni?"

"Intanet ɗinmu ne ba ƙarfi, Malama."

"Maƙwabciyarku da ke cikin shirin fa? Tata har ta dame ni."

"Gidanmu a kwari yake."

Mako na gaba ta ce wuta ce ke ɗaukewa. Malama Olesea ta kaɗa makullanta ta daɗe tana kallon ta.

"In zo gidan?"

"A'a, Malama! Don Allah a'a. Zan gyara."

Ta san garinsu. Malama ta tsaya a ƙofar gidan mutum saboda ƙarar da 'yarsa ta kai, kafin ta rufe ƙyaure labari ya kai shago. Babanta kuwa, da ba shi da komai sai sunan mutumin da ba a taɓa ba shi aro ya dawo da shi a lalace ba, da wane ido zai shiga coci?

'Yan ajinsu sun riga sun gano. Su kwamfutocinsu sun fara kama kamannin gidajensu, wannan da ɗigon miya, waccan da hoton kyanwa manne a baya. Suna hira da kalmomin da ta sani a takarda amma ba ta taɓa ganin suna motsi ba. Suka sa mata suna Injiniyar Biro. Ba da mugunta ba, har ita ma takan yi dariya. A bas ne, in ta jingina kai da taga, dariyar ke ƙarewa.

Babban ɗakin fa ba kwaɗo a jikinsa. Ko sakata babu. Wata Talata babanta ya tafi niƙa, kaka tana gyangyaɗi, sai Ruxanda ta cire takalmi ta tura ƙofar. Sanyin ɗakin ya daki fuskarta. Ta ɗaga mayafin, ta sa yatsa a gefen murfin, sai ta ji tari a bayanta.

"Ni ban ga komai ba," in ji kaka Agafia. "Amma darduma ta ga sawunki."

Da babanta ya dawo ya ga sawun, bai yi faɗa ba. Ya zauna a gaban tuwon masara da cuku ya kasa ci. Can ya ce, a hankali, "Ashe gidana ya zama gidan da sai an sa kwaɗo." Ruxanda ta gwammace ya mare ta. Ita ce ta ƙare da ba shi haƙuri, shi kuma ya yafe mata da zuciya ɗaya, har ya tura mata ɓangaren cukun da ya fi laushi.

A mako na bakwai kiwon gidansu ya faɗo ranar Alhamis. Garke ba ya dawowa sai rana ta faɗi, ga makaranta ta wuce, ga darasi ya wuce.

Daren Laraba ta ce, "Baba, ka yi mini kiwon gobe. Sau ɗaya kawai. A waya ma in samu in kalla."

Ya ajiye cokali. "Ni? Shekara goma sha tara ina tuƙa tarakta a garin nan, ba wanda ya taɓa ganina a bayan saniya. Yanzu da furfura in ɗauki sanda, Nichifor ya leƙo ta shinge ya ga abin dariya? Ga gwiwa. Inna, gaya mata gwiwata."

"Tun yana yaro take damunsa," in ji kaka. "Musamman ranar aiki."

"Inna!"

"Ai goyon bayanka nake yi."

Ruxanda ta fita da sanda da littafi a cikin riga. Aka wuni ana yayyafi. Ta zauna ƙarƙashin wata bishiya tana rubutu a kan gwiwa, shafi uku suka jiƙe tawada ta narke, ta sake su daga ka. Ta dawo da mura da ta yi mako biyu ba ta sake ta ba. Kaka ta ce ai ga shi nan, iska ce.

Bikin cocin gari ya zo ranar Lahadin mako na tara. Aka buɗe babban ɗaki, aka jera kaza da naɗin kabeji da gurasa mai cuku da tulun giyar inabin bana. Baƙi suka zauna da rigunan sanyinsu. A kan gaba akwai Nichifor, maƙwabcinsu kuma uban baftismar Ruxanda, mutum mai ƙaton ciki da muryar da ake ji daga gada. Da aka zagaya kofi na uku, Pantelei ya miƙe ya yaye mayafin.

"A cikin ɗalibai ɗari biyu, goma sha biyu aka zaɓa," in ji shi. "Ruxa, zo ki nuna wa Kawunki abin da ake koya muku."

Ta tsaya da faranti a hannu. Mako tara tana roƙon wannan izinin, ga shi ya zo a gaban mutum goma sha huɗu masu maiƙo a baki. Ta danna makunni. Shiru. Sanyi da zama sun shanye batirin. Aka ja waya daga bayan injin wanki aka jona. Can allon ya yi haske, ya yi mata barka da zuwa, ya tambaye ta wane harshe take so, sannan ya nemi sunanta. Ta shiga neman haruffa da yatsa biyu.

"Kai!" in ji Nichifor. "Kazata ta fi wannan sauri a kan hatsi. 'Yata, harafin R ɗin ne ya gudu? A taya ki nema?"

Ɗaki ya ɗauki dariya. Kunnuwan Pantelei suka yi ja.

"Makarantun yanzu ke nan," ya ce. "Wata biyu ana koya mata, sunanta ma da ƙyar. A zamaninmu mako guda aka ba ni na haɗiye tarakta." Ya miƙa hannu ya rufe murfin. "Ya isa haka, kada ta gaji."

Kwamfutar yake nufi.

Ruxanda ta kwashe farantai ta fita. A ɗakin girki ta tsaya gaban baho, ta daɗe ba ta zuba ruwa ba.

Ranar Laraba da yamma kare ya yi haushi, sai ga Malama Olesea a ƙofar gida, takalminta duk laka. Ruxanda ta fito da sauri ta tare ta.

"Malama, na ce miki..."

"Kin ce. Kwamfutarki ce ta kira ni. Mako tara ba ta yi magana ba, sai ranar biki, ƙarfe biyu na rana, minti goma sha ɗaya. Ni ma uwata tana da babban ɗaki, Ruxanda. Ina babanki?"

Pantelei ya fito yana goge hannu, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Malama guda a gidansa! Ya wuce da ita kai tsaye, ya yaye mayafin da kansa.

"Duba da kyau, Malama. Ki juya ta. Ko ledar jikin murfin ba a ɓare ba. In kin samu ƙwarzane ɗaya, ki kira ni da sunan da kika ga dama."

Malama Olesea ta juya ta, ta duba. "Gaskiya ne, Malam Pantelei. Goma sha biyu na raba. Ɗaya zuma ta shiga madannanta, harafi biyu sai an danna da ƙarfi. Ɗaya kyanwa ta yaƙushe. Ɗaya ta faɗo daga keken doki, kusurwarta ta fashe, an ɗaure da salatif."

"Kin ji ko, Inna? Mutane ba tsoron Allah."

"Duk waɗannan suna nan wurin masu su. Wannan kaɗai zan karɓa jibi Juma'a, ƙarfe goma sha biyu, in ba a miƙa aiki ba."

Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, sai da ya ɗan jira ko wasa ne.

"Wato masu ɓarna su zauna lafiya, wanda ya adana shi za a hukunta?"

"Ba ajiya aka kawo maka ba. Da ajiya muke so, muna da kabad a makaranta."

"Takarda ta ce a kula da ita da kyau! Na karanta sau biyu!"

"Akwai shafi na biyu a bayanta."

Sai ya kama abin da ya rage masa. "To ai yarinyar ma ba ta iya ba, Malama. Ba don 'yata ba ce, gaskiya ɗaya ce. Kowa ya gani ranar biki. Wataƙila kanta bai ɗauka ba, ba laifi ba ne, ba kowa..."

Ruxanda ba ta san lokacin da ta fita ba. Ta dawo da littafin lissafi, bangonsa ya kumbura da ruwan sama, ta ajiye shi a kan farin mayafin teburin da ba a ɗora masa komai sai ranar biki.

"Shafi arba'in da uku ne, Baba. Ba darasin da ban rubuta ba, sai na ranar da nake bayan shanu. Kaina ya ɗauka. Hannuna ne ba a bari ya taɓa ba."

Ba ta taɓa yi masa magana haka a gaban baƙo ba. Kaka ta yi alamar gicciye. Malama Olesea ta buɗe littafin a tsaye, ta juya shafi, ta juya wani, makullanta suka daina ƙara.

"Layin kiwo ne wannan?"

"E, Malama."

"Har da musaya?" Ta rufe littafin a hankali. "Da ina da iko da na ƙara miki mako guda. Ba ni da shi. Akwai wata yarinya a bayanki, mako goma ke nan tana tambayata ko wani ya gaji. Jibi, sha biyu. Kuma sai ta yi aiki a kan allo, takarda ba ta shiga."

Kaka ta cusa wa Malama gurasa mai cuku a jaka, Pantelei ya raka ta ƙofa yana ta maganar laka da hanya. Da ya dawo ya tarar da Ruxanda ta naɗe wayar caji a hannu, kwamfutar a ƙirjinta.

"To... ki yi a nan mana. Ki sa riga biyu."

"Yatsuna ba sa lanƙwasuwa a nan."

Ta wuce ta gabansa. Bai matsa ba, bai kuma tare ba, sai da ta ɗan karkata. A ɗakin girki kaka ta goge ledar tebur sau uku, ta kawar da gishiri, ta kori kyanwa, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda iska.

Ruxanda ta shiga kwafe littafin. Yatsa biyu suka zama huɗu. Pantelei ya zauna a bakin murhu kamar mai jiran a fito da wani daga ɗakin tiyata, duk ƙarar madanni sai ya ɗan runtse ido. Wajen lokacin cin abincin dare ta gama kashi na farko, ta ja numfashi, ta umarci kwamfutar ta gwada.

Allon ya cika da jan rubutu daga sama har ƙasa.

Pantelei ya zabura. "Kin gani! Na faɗa! Awa uku kacal, ta lalace! Inna, kawo mayafin!"

"Ba ta lalace ba, Baba. Zauna."

"Ja fa! Ko a tarakta in ja ya kama..."

"Kuskurena take nuna mini. Nan na manta waƙafi. Nan na rubuta suna iri biyu. Nan ban ma san me na yi ba." Ta gangara da allon, jan bai ƙare ba. "Aikinta ke nan. Ka rubuta, ta ce ka yi kuskure, ka gyara. 'Yan ajinmu sun ga jan nan tun makon farko, biyu yau, uku gobe, suka gyara suka wuce. Takarda ba ta taɓa ce mini na yi kuskure ba. Kuskuren da na yi a shafi na biyu na yi ta maimaita shi har shafi na arba'in, ina murna. Nawa na mako tara ne suka taru suka jira ni."

"Guda nawa ne?"

"Sittin da ɗaya. A kashi na farko."

"Kashi nawa ne?"

"Huɗu."

Ya koma ya zauna. Ya dubi allon, ya dubi littafin, ya dubi wuyan hannunta da ya zama kamar sillen kara. Ba wanda zai iya cewa me ya gani. Mutum ne da ya yi imani duk abin da aka taɓa raguwa yake yi, kuma a kan kofuna da dardumai bai yi ƙarya ba. Bai dai taɓa tunanin akwai abin da ke lalacewa a ajiye ba, balle a ce a ɗakin girkinsa yake kwana.

Bakinsa ya riga shi, don sabo. "Gobe fa kiwon namu ne."

"Na sani," in ji Ruxanda, ba ta ɗago ba. "Ni na rubuta layin."

Ba ta roƙe shi ba. Ta riga ta roƙa sau ɗaya. Ta lissafa a ranta: in garke ya dawo da faɗuwar rana, tana da daren Alhamis da safiyar Juma'a, ga kashi uku ko kwafe su ba ta yi ba. Ba zai isa ba. Ko da yinin gaba ɗaya a hannunta, ba ta da tabbas.

Da asuba ta sa rigar ruwa da takalmin roba, ta yanki gurasa ta cusa a aljihu. Ta miƙa hannu bayan ƙofa inda sanda ke tsayawa, ta shafo bango. Ta leƙa ƙarƙashin benci. Sai ta ji ƙarar ƙyauren garke, ta fito.

Pantelei na tsaye a tsakar gida cikin tsohuwar rigarsa ta tarakta, ya ɗaure gwiwa da gyalen kaka, sanda a hannunsa ya riƙe ta ta wajen da ba a riƙewa. Shanun unguwa sun fara fitowa kan hanya. Kan Nichifor ya ɓullo ta saman shinge, da hular barci.

"Pantelei! Idona ne ko giyar jiya? Wa ya mutu?"

"Saniyarka ce za ta mutu da yunwa in ba ka fito da ita ba."

"Jama'a ku fito! Direban tarakta ya samu ƙarin girma! Ina za ka zuba musu mai, ta gaba ko ta baya?"

Pantelei bai kula shi ba. Ya juyo ya ga Ruxanda a bakin ƙofa da takalmin roba.

"Me kike kallo? Ba ki da aiki ne?" Ya gyara riƙon sandar. "Wace saniya ce mai shiga gonar mutane?"

"Jar nan ta gidan Kawu Nichifor. Kada ka bar ta a baya."

"Ai mai gidanta ta biyo."

Ya buɗe ƙyaure ya fita kan hanya. Jar saniyar kuwa har ta sa kai cikin kabejin limamin coci. Pantelei Vrabie ya ɗaga sanda ya bi ta da gudu, yana ɗingishi, yana kiran ta da sunan da bai dace a faɗa kusa da coci ba.